Waiwaye: Bizar J-1, Ƙofar da Amurka ta Buɗe wa Masu Bincike da Sharaɗin Komawa Gida

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A kan wannan tunanin aka gina bizar J-1, wadda malaman jami'a da masu bincike ke shiga Amurka da ita: ka zo, ka ƙaru, a ƙaru da kai, ka koma gida. Jami'o'in ƙasar sun daɗe da mayar da ita hanyar samun ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, amma doka ba ta taɓa daina kallon mai riƙe da ita a matsayin baƙo ba, kuma akasarin wahalar da masu bincike ke sha daga nan take tasowa.

Asalin abin rarar kayan yaƙi ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta bar tarin kaya a ƙasashen waje, sai Sanata J. William Fulbright na jihar Arkansas ya kawo shawarar a sayar, a yi amfani da kuɗin wajen musayar malamai da ɗalibai. Shugaba Truman ya sa hannu a 1946. Dokar Smith-Mundt ta faɗaɗa shirin a 1948, sannan a 1961 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar Fulbright-Hays, wadda ta haifar da rukunin biza mai harafin J.

Tun kafin nan aka lura cewa baƙin ba sa son komawa. Shi ya sa a 1956 majalisa ta gindaya sharaɗin shekara biyu: wanda ya zo ta shirin musaya sai ya bar Amurka tsawon wannan lokaci kafin ya nemi zama na dindindin. A 1970 aka taƙaita shi ga wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa da wanda fanninsa ke cikin jerin ƙwarewar da ƙasarsa ke buƙata, a 1976 kuma aka ƙara likitoci masu zuwa neman horo. Nan ne malamanmu suka fi yin tuntuɓe. Kuɗin gwamnati ba na Amurka kaɗai ake nufi ba, har da na gwamnatin gida, don haka tallafin hukuma irin su TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, na iya jawo sharaɗin. Da aka sabunta jerin a Disambar 2024 an cire Sin da Indiya da Brazil, amma Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru suna nan. Wanda sharaɗin ya hau kansa ba zai samu bizar aiki ta H-1B ko katin zama ba sai ya cika shekara biyun a gida, ko ya nemi a yafe masa ta fom DS-3035, galibi tare da wasiƙar gwamnatinsa cewa ba ta da ja. Wanda ya ci kuɗin Fulbright kuwa, da wuya wannan wasiƙar ta fisshe shi.

Har ƙarshen ƙarnin jiya harkar ta takarda ce, kuma Hukumar Yaɗa Labarai ta Amurka ce ke riƙe da ita, kafin a rushe ta a 1999 a miƙa aikin ga Ma'aikatar Harkokin Waje. Harin 11 ga Satumban 2001 ya sauya komai. Daga 2003 aka wajabta rajistar kwamfuta mai suna SEVIS, kuma tsarin da ake bi yau ke nan. Jami'ar da ta gayyace ka ce ke shigar da sunanka ta fitar maka da fom DS-2019, mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da wurin aiki da inda kuɗin zamanka zai fito. Sai ka biya kuɗin SEVIS, wanda ya fara daga dala 100 a 2004 ya kai 220 a 2019, ka cike fom ɗin neman biza DS-160, ka biya kuɗin biza dala 185, ka je intabiyu. Ba a shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar farawa. Da isa kuma, ofishin kula da baƙi na jami'ar ne zangon farko, don idan kwana 30 suka wuce ba su tabbatar da zuwanka a kwamfuta ba, rajistar ta lalace ko da kana zaune a ɗakin gwaji.

A 2006 aka tsawaita wa'adin mai bincike daga shekara uku zuwa biyar, amma da ƙaya a ciki. Wanda ya kammala shirinsa a rukunin masu bincike na J-1, ko wata bakwai kawai ya yi, sai ya jira wata 24 kafin ya sake dawowa a rukunin. Wannan daban yake da sharaɗin komawa gida, ko da yake mutane na cakuɗa su. Malamin da zai yi hutun bincike na wata biyar, yana kuma sa ran komawa baɗi, rukunin J-1 na gajeren zama ya fi masa. Iyakarsa wata shida, ba a ƙarawa, amma ba ya jawo jiran.

Izinin aiki ba wata takarda ba ce daban, yana cikin bizar, kuma a ɗaure yake da wurin da aka rubuta a DS-2019. Idan wata jami'a ta gayyace ka lacca da ɗan hasafi, sai jami'in da ke kula da shirin ya ba ka izini a rubuce kafin ranar, ba bayanta ba. Tuƙin tasi ko aikin kanti da yamma kuwa ya isa a soke rajistar. Abin mamaki, mata ko mijin da ya biyo da bizar iyali ta J-2 ya fi mai J-1 ɗin 'yanci: yana iya neman katin aiki ta fom I-765 ya yi aiki ko'ina, muddin ba da kuɗin za a ciyar da mai J-1 ba. Tun 2015 kuma dole kowa a gidan ya riƙe inshorar lafiya ta aƙalla dala 100,000 kan kowace jinya, da 50,000 na kwashe mara lafiya zuwa gida, da 25,000 na mayar da gawa.

Duk wannan ƙididdiga, babu dokar da ta tilasta wa jami'a ta ba mai bincike ɗaki. Matsalar ta girmi bizar kanta, don tun 1924 aka buɗe International House, masaukin ɗaliban ƙasashen waje, a New York da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami, aka yi irinsa a Berkeley a 1930 da Chicago a 1932. Gidajen jami'a ɗalibai ake fara ba wa, shi kuwa mai bincike ba ɗalibi ba ne, ba kuma cikakken ma'aikaci ba. A kasuwar haya maigida zai nemi tarihin biyan bashi da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, alhali lambar ba ta samuwa sai bayan an iso an tabbatar da mutum a SEVIS. A New York an saba neman albashin shekara ya ninka hayar wata sau 40, ko a kawo wanda zai tsaya wa mutum. Yarjejeniyar haya yawanci ta wata 12 ce, gidan kuma fayau, ko katifa babu, ga mai zaman wata shida. Wannan giɓin ne 'yan damfara ke shiga: hoton gida mai kyau a intanet, haya mai araha, maigida "ya yi tafiya", a tura kuɗin ajiya tun daga Kano a karɓi mabuɗi in an sauka. Masu wayo kan kama masaukin mako biyu, su nemi wasiƙar jami'a mai nuna albashi, su karɓi ɗakin wani malami da ya tafi nasa hutun binciken. In an sauya adireshi, a sanar da jami'a cikin kwana 10.

A 2025 ƙofar ta ƙara tsukewa. A ƙarshen Mayu aka dakatar da ba da ranakun intabiyu, da aka dawo a Yuni sai aka ce masu nema su buɗe shafukansu na sada zumunta a duba. A watan ne aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasar. A Yuli aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, wato mai bincike na iya ci gaba da zamansa muddin DS-2019 ɗinsa na da rai, amma in ya zo gida jana'iza ko taro, sai ya sake bin layin biza. A Disamba kuma sanarwar fadar shugaban ƙasa ta sa Nijar cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, ta kuma dakatar da ba 'yan Najeriya sabuwar bizar J daga 1 ga Janairun 2026.