Rikicin damisa da mutanen Sundarbans

Sundarbans wani daji ne na bishiyoyin bakin teku da ke mashigar kogunan Ganges da Brahmaputra da Meghna, girmansa ya kai kusan murabba'in kilomita 10,000, kaso mafi tsoka na Bangaladash, sauran na jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Damisar nan mai ratsi-ratsi ta Bengal a nan take, ta iya iyo sosai, kuma ta yi ƙaurin suna wajen farmakin mutane fiye da 'yan uwanta na wasu dazuzzuka. Indiya ta keɓe ɓangarenta domin kare damisa a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, na Bangaladash kuma a 1997.

Waɗanda abin ya fi shafa talakawa ne masu shiga dajin neman abinci, masunta da masu kama ƙaguwa da masu cire zuma wajen watan Afrilu zuwa Mayu. Dalilin zafin damisar dai masana ba su daidaita ba, wasu sun ce ruwan gishirin da take sha, wasu sun ce yawan cuɗanya da mutane ne kawai.

Dabarun da aka gwada su ne abin ban sha'awa a labarin. Wajen ƙarshen shekarun 1980 an raba wa masu shiga daji fuskar roba su ɗaura a ƙeya, tunda damisa ta baya take kawo hari, in ta ga kamar ana kallonta sai ta fasa, da farko abin ya yi aiki amma ana cewa daga baya ta gano wayon. An kuma kafa mutum-mutumi sanye da kayan masunta da aka jona wa lantarki don ta ji jiki ta guji mutane, an haƙa tafkunan ruwan daɗi a cikin dajin, sannan aka ja ragar nailan a iyakar daji da ƙauyuka don hana ta tsallakowa. Tun kafin duk wannan ma, Hindu da Musulmin yankin da yawa suna roƙon kariyar Bonbibi, wadda suke ɗauka uwar dajin, kafin su shiga jirgi.

A Bangaladash akwai ƙungiyoyin 'yan sa-kai na ƙauye da ke kora damisar da ta ɓato ta koma daji maimakon a kashe ta. Ƙidayar 2024 ta nuna damisa 125 a can.

Diyya kam sai in wanda damisa ta kashe ya shiga dajin da takardar izini, shi ya sa iyalai da dama ba sa ma kai rahoto. Matan da damisa ta kashe wa miji kuma a wasu ƙauyuka ana musu kallon masu farar ƙafa.