Waiwaye: Yadda Tseren Kekuna Ya Zama Sana'a

Tseren kekuna daga gari zuwa gari ya samo asali ne a Faransa, inda a shekarar 1869 aka yi gudun kilomita 123 daga Paris zuwa Rouen, wani ɗan Ingila mai suna James Moore ya zo na ɗaya. Kasuwanci ne kuma ya mayar da shi sana'a, domin a 1903 jaridar L'Auto, wadda ke neman ƙarin masu saye, ta ƙirƙiro gasar Tour de France, Maurice Garin ya zama zakaranta na farko. Italiya ta bi sahu a 1909, Sifaniya a 1935. Har gobe kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin yawancin ƙungiyoyin, shi ya sa sunayensu suka cika rigunan ƴan tsere.

A yau ana yin gasar Tour de France cikin mako uku, a zango 21, tazarar da ta kusan kilomita 3,500, wato fiye da tafiya daga Maradi zuwa Yamai sau biyar. Ana tara lokacin da kowa ya ci a dukan zangunan, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sanye da rigar nan ruwan ɗorawa da aka fara bayarwa a 1919, saboda haka mutum na iya lashe gasar ba tare da ya zo na ɗaya a zango ko guda ba.

Abin da ya fi ɓoyuwa ga mai kallo shi ne sha'anin iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Maradi ya nufi Tasawa a tsakiyar hunturu, iska na dukan ƙirjinsa, ƙura na shiga idonsa, ya san cewa tare da ita ake kokawa. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wannan ne dalilin da ya sa suke tafiya a dunƙule. Kowace ƙungiya tana da mutum takwas, kuma sau da yawa bakwai hidimar guda ɗaya suke yi: su tare masa iska, su koma baya wajen motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa cikin rigunansu su kawo masa, idan tayarsa ta fashe wani ya sauka ya miƙa masa nasa keken. A ganina waɗannan bayin Allah sun cancanci yabo fiye da wanda suke samu.

Sana'ar ta sha tabo, musamman a 2012 da aka ƙwace wa ɗan tseren Amurka Lance Armstrong kambunansa bakwai na Tour de France saboda amfani da magungunan ƙara kuzari.

Afirka ta daɗe a bakin fage. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta kafa Tour du Faso tun 1987, amma sai a 2024 Biniam Girmay na Eritriya ya lashe zango uku a Tour de France tare da koriyar riga ta gwanayen gudu, sannan a Satumban 2025 Kigali, babban birnin Ruwanda, ta karɓi gasar duniya ta tseren kekuna, karo na farko a nahiyar. Eritriya da Ruwanda sun kai nan ne ta hanyar gasannin cikin gida da ake yi a kai a kai, inda matashi ke koyon tafiya cikin ayari tun yana ƙarami, kuma irin wannan horo ne matasan Maradi masu sha'awar keke suka fi buƙata kafin a kai ga maganar keken tsere mai tsadar miliyoyin sefa.