Taƙaitattun sunaye daga haruffan farko

Taƙaitaccen suna irin wannan shi ne wanda ake ginawa ta hanyar ɗaukar harafin farko na kowace kalma a cikin dogon suna, a jera su wuri guda. Masana harshe sun kasa shi gida biyu bisa yadda baki ke furta shi. Akwai wanda haruffansa ke haɗuwa su tashi a matsayin kalma, kamar SIDA (cutar ƙanjamau), akwai kuma wanda ake kiran sunan kowane harafi shi kaɗai, kamar PNDS ko ORTN, sunayen wata jam'iyyar siyasa da gidan rediyo da talabijin na Nijar, yadda aka saba jin su a bakin mutanen Yamai. Wanda ya yi makarantar allo zai gane bambancin nan take, domin na biyun kamar babbaƙu ne, na farkon kuwa kamar karatun da ya riga ya sami wasali. Faransanci yana kiran duka biyun sigle, ya keɓe acronyme ga na farkon, Ingilishi kuma yana kiran na biyun initialism.

Tarihi

Rumawa sun yi amfani da haruffan farko a kan duwatsu da tsabar kuɗi, kuma mafi shahara shi ne SPQR, wato majalisar dattawa da jama'ar Rum. Wannan taƙaitawar rubutu ce, ba kalmar da ake furtawa ba. Wani tsohon misali na haruffan da suka tashi kalma ya zo daga Kiristocin farko, wajen ƙarni na biyu ko na uku, waɗanda suka jera farkon kalmomin Girkanci biyar na kirarin Annabi Isa (A.S.) suka ba da ikhthus, wato kifi, shi ya sa hoton kifi ya zama alamarsu.

Inda al'adar ta fi yin ƙarfi shi ne wajen malaman Yahudawa, kuma dalilin yana cikin rubutun kansa. Ibrananci, kamar Larabci, baƙaƙe ake rubutawa, mai karatu ne ke sa wasali, saboda haka duk baƙaƙen da aka jera suna iya tashi kalma ba tare da wahala ba. Haka aka sami Tanakh daga sunayen sassa uku na littafinsu, da Rashi, laƙabin malamin da ya rasu a Faransa a 1105, da Rambam, laƙabin Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba, wanda ya rasu a Masar a 1204. Larabawa sun bi wata hanya makusanciya da ake kira nahtu, inda ake dunƙule jimla ta zama kalma, kamar basmala da hamdala, yayin da marubutan hadisi ke taƙaita haddasana zuwa baƙaƙe uku ko biyu. Haruffan da ke buɗe surori 29 na Alƙur'ani ana karanta su da sunayensu, amma malaman tafsiri sun saɓa kan ma'anarsu, ba a kuma sa su cikin wannan babi.

A harsunan Turai abin ya yaɗu ne da zuwan wayar tangaraho da yaƙe-yaƙen duniya: SCOTUS (kotun ƙolin Amurka) a 1879, ANZAC (rundunar sojojin Ostareliya da New Zealand) a 1915, radar (na'urar hango jirage) a 1940. Ita kanta kalmar acronym ba ta bayyana a Ingilishi ba sai wajen farkon shekarun 1940.

A bakin Hausawa

Iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ba ta da tsauri, kuma Hausa ta nuna haka sarai. Kuɗin CFA, wanda aka ƙirƙira a watan Disamba na 1945, sunan haruffa uku ne da lafazin Faransanci, amma mai sayar da albasa a kasuwar Tawa sefa yake cewa, kalma guda mai gaɓa biyu. Haka N.A. (Native Authority, hukumar gargajiya) ta zamanin Turawa ta koma En'e a Nijeriya. Sunaye irin Nigelec da Sonidep, kamfanonin lantarki da man fetur na Nijar, kuwa gaɓoɓi aka yanko maimakon haruffa kaɗai. Akwai kuma S.A.W. da R.A., waɗanda ake rubutawa a taƙaice, amma mai karatu yakan cika salatin ko addu'ar gaba ɗaya idan ya iso wurin.