Makaho, kurma ko "mai buƙata ta musamman": wa ke da ikon zaɓen suna?

Kiran mutum makaho ko gurgu zagi ne?

Kalmar kanta ba zagi ba ce. A Kano akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kuma masu abin da kansu suke kiran ƙungiyoyinsu da waɗannan sunaye. Zafin yana zuwa ne idan kalmar ta danne sunan yanka. Dattijo da iyalinsa da sana'arsa, amma a tasha kwandasta ya ce masa "kai makaho, matsa ciki". Wanda ke kusa da shi kuwa "Baba" aka ce masa.

To "masu buƙata ta musamman" ba ta fi ladabi ba?

Gidajen rediyo sun rungume ta, wasu ma suna son ta. Amma da yawa daga cikin masu fafutuka ba sa so, kuma suna da hujja. Gangaren da keken guragu zai hau a ƙofar asibiti haƙƙi ne, ba alfarma ta musamman ba. Ga kuma matsala a aikace: idan aka cike fom ɗin jarrabawa da wannan kalma kaɗai, ba wanda zai san ko tafintan kurame za a kawo ko takardar rubutun makafi.

Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta bi yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, wadda ke gabatar da mutum kafin lalurarsa. Shi ya sa wasu suka fi son "mai naƙasa" a kan "naƙasasshe", domin ta biyun kamar ta yanke wa mutum hukunci ne ɗungurungum.

Kurame fa?

Da yawansu suna alfahari da sunan, suna ɗaukar kansu al'umma mai harshenta. Maganar hannu harshe ce cikakkiya mai ƙa'idojinta. Kalmar da ke ƙona wa wasunsu rai ita ce "bebe".

Wace kalma ce ta fi nauyi?

Kuturu. Kuturta tana warkewa da magani cikin wata 6 zuwa 12, amma yatsun da suka riga suka lalace ba sa dawowa, sai sunan ya bi mutum shekara da shekaru bayan ciwon ya tafi. A ce "wanda ya yi fama da kuturta".

Idan ban san abin da mutum yake so ba?

Ka kira shi Malam ko Hajiya, ko da sunansa. Idan dole sai an ambaci lalurar, a labari ko a rajista, shi za ka tambaya, ba ɗan jagoransa ba: "Malam, yaya kake so in rubuta?" Abin da ya faɗa shi za ka rubuta, ko da wani mai irin lalurarsa ya zaɓi wata kalmar jiya.