Daga Samariya zuwa majalisar ƴan makaranta: waiwaye kan aikin gayya a Damagaram

Maganar kafa wa ƴan makaranta majalisa tasu a gari, mai ƙaramin magajin gari da wakilai daga cikin ɗalibai, ta raba kan jama'a a Damagaram. Wasu iyaye suna cewa sun tura ɗa lakwal ne don ya yi karatu, ba don ya yashe magudanar ruwa a ɗauki hotonsa ba, kuma suna kallon abin a matsayin baƙon tsari da masu ba da tallafi suka shigo da shi. Wasu kuma sun ɗora masa buri mai yawa, har suna fatan ya zama maganin ƴan palais, wato gungun samari masu ta da zaune tsaye, da zaman kashe wando. Ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya aka fara ba yaro muƙami da tsintsiya a wannan gari, alhali kuwa abin ya girmi duk masu gardamar.

Farkon labarin sananne ne. Tun kafin Turawan Faransa su mamaye garin a 1899, samarin unguwa suna da sarkinsu, kuma idan gayya ta tashi, ta noma ce ko ta yaɓen katanga, shi ake faɗa wa, shi kuma ya sa a kaɗa ganga. Wasan Kara, wanda Damagaram ta yi suna da shi, makaranta ce ta wannan fanni, domin a cikinsa matasa suke kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan gwamnati, suna koyon tsayuwa da magana a gaban jama'a. Bayan 1974, zamanin Seyni Kountché, an farfaɗo da Samariya, wato ƙungiyar matasan unguwanni, a faɗin Nijar, ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta dasa itatuwa, kuma a nan Damagaram aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976. A 1989 ta shiga cikin tsarin jam'iyya ɗaya, sannan Babban Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe zamanin jam'iyyu da yawa, daga nan sunanta ya dushe. Yawancin masu ba da tarihi a nan suke tsayawa, sai su yi tsalle zuwa zaɓen ƙananan hukumomi na 2004.

A ganina, shekarun da ake tsallakewa su ne zuciyar maganar.

Da Samariya ta faɗi, mutane da dama sun yi murna, kuma suna da hujja, domin a ƙarshenta ta fi kama da kayan tarbar baƙi da tafi a filin taro. Sai dai an zubar da ita gaba ɗaya ba tare da an tsame abin da ke da amfani a cikinta ba, wato hanyar da ta haɗa saurayi da mai unguwa, ta haɗa mai unguwa da hukuma. A da, idan samari suka tara shara a bakin hanya, akwai wanda nauyin nemo amalanke ko mota yake wuyansa, kuma akwai dattijon da zai zo ya duba aikin, ya yaba ko ya yi faɗa. Bayan 1991 wannan igiya ta tsinke, ba a kuma ɗaura wata a madadinta ba. A daidai wannan lokaci ne kuma aljihun gwamnati ya bushe, albashi ya riƙa makara, yajin aiki ya yawaita, aka yi shekarun karatu da suka tashi a banza, sannan a Janairun 1994 darajar kuɗin sefa ta ragu da rabi. Dubban samari suka wayi gari babu aji, babu aiki, babu kuma ƙungiyar da ke kiran su da asuba.

Cikin wannan giɓi fada ta tsiro. Yau idan aka ce fada, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne tabarma da butar shayi da karta, amma waɗanda suka ga farkonta sun san ba haka kawai take ba. Na tuna wata fada a unguwarmu da ta rubuta sunanta da fenti a jikin katanga, tana da shugaba da ma'aji da littafin karo-karo, kowa yana zuba dala ashirin a mako. Da wannan ɗan kuɗi suka sayi shebur biyu da manjagara, suka ari baro, suka share maƙabarta kafin azumi, suka cike wani rami da ruwa ke kwanciya a ciki duk damina. Da yamma sai a ji sunansu a rediyo mai zaman kansa, sai fadar maƙwabta ta ji kishi, ita ma ta fito mako na gaba. Babu wanda ya umarce su. Gadon Samariya ne suka ɗauka da hannunsu, har da muƙamanta, sai dai a wannan karon babu dattijon da ke zuwa duba aiki, kuma sharar da suka tara takan kwana uku a bakin titi har awaki da iska su mayar da ita inda aka kwaso ta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna, domin har yau muna cikinsa. Matasan gari suka rabu gida biyu. Ɗan lakwal yana da ƙungiyarsa ta ɗalibai ta ƙasa, wadda ta kafu tun 1960, ta koya masa shirya taro da rubuta takardar koke da neman haƙƙi, kuma ƙasar nan ba za ta manta da rawar da ɗalibai suka taka a zanga-zangar 1990 ba. Amma idonsa ya koma kan alawus da azuzuwa da siyasar Yamai, kwatar ƙofar gidansu ta fita daga lissafinsa. Ɗan fada kuwa shi ya rage da shebur, ba tare da kujera a wurin shawara ba. Ɗaya ya iya magana ba ya taɓa laka, ɗayan yana taɓa laka ba a sauraronsa. Mu manya muka zuba ido, muka riƙa tunawa da fadoji lokacin yaƙin neman zaɓe kaɗai, a kai musu sukari da ganyen shayi, a wuce. Saurayin da ya yi shekaru yana aikin alheri ba a ko ce masa sannu ba, idan ƙanensa ya nemi girma ta hanyar ƙarfin damtse, bai kamata mu ce abin daga sama ya faɗo ba.

Sauye-sauyen da suka zo daga baya ba su ɗinke wannan ɓaraka ba. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, birnin ya kasu gundumomi biyar, an kafa kwamitocin iyaye da malamai masu kula da makarantu, an buɗe jami'a a 2010. A makarantu da dama an shigo da gwamnatin makaranta, inda yara ke zaɓen shugaba da ministocin tsafta da lafiya, kuma abu ne mai kyau, sai dai ikonta a ƙofar makaranta yake ƙarewa. A halin nan gari yana ta faɗaɗa, kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba, leda tana toshe magudanai duk da dokar 2014 da ta hana ta, kuma daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni, ta nuna wa kowa abin da ruwa ke yi idan ya rasa hanya.

Kwanakin baya na tarar da wasu ɗalibai suna yashe magudana kusa da makarantarsu, wata yarinya riƙe da littafi tana rubuta sunayen waɗanda suka zo da kayan aikin da aka aro. Na tambaye ta ina za a kai ledar da suka tara. Ta ce, "Baba, mu dai mushe ya ce mu tara a nan, ba mu san wanda zai kwashe ba." A ɗaya gefen titin samari biyar suna zaune a fadarsu suna kallo, biyu daga cikinsu sun fi kowa sanin inda magudanar take toshewa, amma babu wanda ya tsallaka ya kira su.

Don haka nake ganin tambayar ko yara su yi shara ko kada su yi ba ita ce ta farko ba. Iyayen da ke tsoron ɓata lokacin karatu suna da gaskiya idan majalisar za ta tsaya ga ɗamara da hoto da dashen itace ranar 3 ga Agusta, wanda ba a komawa ba shi ruwa. Idan kuwa za a kafa ta, to a ba ta ranar da manyan gari za su zauna su saurare ta su ba da amsa, a sa mai unguwa ya riƙa duba aikinta, a fayyace wanda zai kawo motar kwashe shara kafin a ɗaga tsintsiya, a tsara aikin a ranakun da babu aji, a kuma ware kujeru ga ƴan mata da almajirai da wakilan fadojin kowace unguwa, tun daga Birni da Zango har Garin Malam da Kara-Kara.