Zaman Hostel a Jami'o'in Najeriya

Hostel, ko ɗakin kwanan ɗalibai, gini ne da jami'a ko kwaleji ke tanada a cikin harabarta domin ɗalibai su zauna tsawon zangon karatu. Abin da ɗalibi ke biya wa kuɗi shi ne gurbin gado ɗaya a ɗakin da zai raba da wasu, na shekarar karatu guda. Maza da ɓangarensu, mata da nasu. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ne ke raba gurabe, kowane gini kuma yana da fotoci masu riƙe da makullai da lura da shige da fice.

Tarihi

Jami'o'in farko an gina su ne bisa tsarin Ingila, inda ake ɗaukar kwana a makaranta a matsayin wani sashe na tarbiyyar ɗalibi. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta samu ɗakin kwana na Mellanby Hall a 1952, aka kuma samu wasu irin su Tedder da Kuti da Sultan Bello. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da aka kafa a 1962, ita ma haka ta taso. A harabarta ta Samaru akwai Suleiman da Danfodio da Akenzua da ICSA/Ramat, sai Amina da Ribadu da Alexander na mata. A wancan zamani ɗalibi ɗaya ko biyu ne a ɗaki, ana dafa musu abinci sau uku a rana, har wanki ake yi musu.

Batun ci da kwana ne ya haddasa ɗaya daga cikin manyan boren ɗalibai a tarihin ƙasar. A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin rana guda, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta fito zanga-zangar da aka sani da "Ali Must Go", da sunan kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnati kuma ta haramta ƙungiyar. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 tallafin abinci ya kau, kowa ya koma kan tukunyarsa.

Daga nan yawan ɗalibai ya yi ta ninkawa, gine-gine kuwa suna nan yadda suke. Kuɗin gado a jami'o'in tarayya ya daɗe a kan Naira 90, abin da ko ƙwan fitila bai isa ya sauya ba balle gyaran bututu. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, don duba buƙatun jami'o'in gwamnati, ya gano cewa gadajen da ake da su ba su wuce na kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma ba.

Amfaninsa

Na farko shi ne kusanci. Mai lacca da ƙarfe takwas ko bakwai na safe zai taka da ƙafa ya isa aji, yayin da wanda ke zaune a gari yake tsaye a bakin titi yana jiran mota. A Jami'ar Bayero, wadda tsohuwar harabarta da sabuwa ke da 'yar tazara, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da babbar harabarta ke bayan garin Sakkwato, kuɗin mota kaɗai na iya cinye rabin guzurin ɗalibi. Ɗan hostel yana iya zama a laburare har a rufe, ya wuce aji karatun dare, ya sami wanda zai warware masa lissafin da ya shige masa duhu a ɗakin da ke kusa da nasa. Ga arha: ko bayan ƙarin kuɗin da aka yi a 'yan shekarun nan, gadon makaranta bai kai hayar ɗaki a Samaru ko Ɗanbare ta Kano ba, kuma babu kuɗin wuta, babu mai gida da zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Amma amfanin da ya fi daɗewa tare da mutum shi ne cuɗanya. Yaron da ya tashi a Gumel ko Argungu bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da wanda ba yarensa ba, sai ga shi da ɗan Tibi a gadon sama, Bayarabe a gefe, ɗan Kudancin Kaduna a bakin taga. Ɗaya na tashi sallar asuba, ɗaya na shirin coci ran Lahadi, dole a koyi rage murya da kashe fitila. Idan guzuri ya ƙare a tsakiyar zango, sai a haɗa abin da ya rage: wannan ya kawo shinkafa, wancan manja, wani garin yaji da ƙuli-ƙuli, a dafa a tukunya ɗaya a zuba a faranti ɗaya. Wurare kaɗan ne a Najeriya ke haɗa matasa irin wannan haɗi, kuma abotar da aka ƙulla a nan kan kai har aure da aiki da kasuwanci. Ga 'ya'ya mata a Arewa abin ya wuce haka ma. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta tafi karatu wani gari ba sai sun tabbatar tana cikin hostel mai ƙofa da mai gadi da lokacin rufewa, don haka rashin gado kan zama rashin karatu gaba ɗaya.

Matsalolinsa

Kusan duk abin da ake kuka da shi daga cunkoso ya samo asali. Ɗakin da aka zana wa mutum huɗu sai a tarar da takwas ko fiye, domin kowane mai gado yana da ɗan raɓe, wato sikwata, da ke shimfiɗa katifa a ƙasa da dare ya naɗe ta da safe. Banɗakin da aka yi wa mutum ashirin sai ya ɗauki ninkin haka. Tun kafin asuba bokitai sun yi layi a bakin famfo, kowa ya san nasa, wanda ya tsallake layi kuwa ya tsokano rigima. Kuɗin cizo na ɓuya a ɗinkin katifa da ramukan katako, ranar hutu za ka ga an baje katifu a rana ana kwarara wa ƙarfen gado tafasasshen ruwa. A lokacin zafi, ɗaki cike da mutane ba iska wuri ne da cututtuka irin su sanƙarau ke saurin yaɗuwa. Yawancin makarantu sun hana girki da murhun lantarki a ɗaki, amma ana yi a ɓoye, kuma wayoyin da aka jona barkatai suna cikin abin da ke jawo gobara.

Sai zaman tare kansa, wanda Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Akwai hayaniya, ɗauke-ɗauken waya da caja, rashin wurin da mutum zai kaɗaita, da haɗuwa da abokan banza. Rabon gado ma ya zama abin takaici: shafin intanet na buɗewa ya cika cikin 'yan mintuna, wasu kuma su kama gurbi su sayar da tsada, duk da cewa laifi ne da ake hukunta shi. Wanda ya fi buƙatar gadon, ɗan talakan da ya zo daga nesa, shi ne sau da yawa ke rasawa, kuma wannan babbar asara ce.

Dokokin hostel ba abin wasa ba ne. A 1986, shigar jerin gwanon ɗalibai maza cikin Amina Hall na mata a Jami'ar Ahmadu Bello, yayin tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, ya sa hukumar jami'ar ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai. Rikicin ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wuta ranar 23 ga Mayu, aka rasa rayuka.

Tsaro

An fi ɗaukar cikin makaranta a matsayin wuri mafi aminci, kuma akwai hujja. Kisan ɗalibai a Mubi a Oktoban 2012 a gidajen haya na wajen makaranta aka yi shi, haka ma sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a unguwar Sabon Gida a Satumban 2023. Sai dai katanga ba ta hana komai inda babu tsaro na gaske. A ɗakunan kwanansu aka kashe ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Satumban 2013, daga cikin makaranta kuma aka kwashi 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021.

Sababbin gine-gine

Ƙarin gadajen da ake samu yanzu yawanci daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne, ko masu hannu da shuni, ko 'yan kasuwa. Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello rukunin gine-gine goma masu ɗaukar ɗalibai fiye da 2,000. Wasu jami'o'in kan ba ɗan kasuwa fili ya gina, ya karɓi haya na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa makaranta ginin. Irin waɗannan sun fi tsabta, mutane kaɗan ne a ɗaki, wani lokaci da banɗaki a ciki, amma kuɗinsu kan ninka na tsohon hostel sau da yawa, har ya kamo hayar gari ko ya wuce ta.