Ba zagaye jirgin sama yake yi ba

Tun da daɗewa ana cewa wai jirgin sama da gangan yake zagaye, musamman idan mutum ya kalli taswirar da ke bayan kujera ya ga layin ya lanƙwashe kamar baka maimakon ya miƙe sambal. Wasu ma cewa suke dabara ce ta ƙara kuɗin tikiti. Wanda ya zaci haka bai yi laifi ba, abin da ido ya nuna masa kenan.

Amma wannan lanƙwasar ita ce gajeriyar hanya. Duniya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, taswira kuma shimfiɗa ta aka yi a kan takarda, to dole ƙasashen can arewa su buɗe su yi faɗi fiye da yadda suke. Ɗauki Landan zuwa New York, kusan kilomita 5,570 ne, jirgin yakan bi ta saman Ireland ya ratsa ta wajen Newfoundland na Kanada kafin ya gangaro, a takarda sai ka ga kamar ya kauce alhali nan ne kusa. Kamfani ma ai ba ya son ƙona mai a banza. Eh, wani lokaci hadari ko rufe sararin samaniyar wata ƙasa kan sa a karkata, wannan daban ne.

Gwada da kanka, samu ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ɗora zare daga Landan zuwa New York ka ja shi ya ɗame sosai, za ka ga ya bi ta Newfoundland ɗin nan.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su gani.